Wai Ƙeyata Ta Aura

Uwargida Sumie, ki taimake ni, don na rasa wanda zan kai wa wannan kuka bai fashe da dariya ba. Ke ma na san za ki yi, amma ko ba komai ba a gabana ba. A kan kwali nake rubuto miki, domin teburin cin abincinmu tuni na ƙunshe shi na ɗaure da igiya, alhali da sauran makonni kafin mu tashi. Daga nan kaɗai kin san irin mutumin da ke yi miki magana.

Na yi ritaya a ƙarshen shekarar da ta wuce, kuma gidan da muke ciki na kamfani ne, dole mu ba da makulli kafin Maris ya ƙare. Matata Tokiko ta samo mana ɗan gida mai ɗaki biyu a garinsu, Ueda, kusa da ƙanwarta. Can tsakanin duwatsu ne, ba filin wasa, sai gonakin tuffa.

Ni kuwa besbol ce cutata, wasan nan da ake jefo ƙwallo a buga da sanda. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar da nake bi ba, kunyar da take sha ta ishe ta. Tun ina firamare nake bayanta. Sau ɗaya ta ɗauki kofi a rayuwata, ranar kuma ina wurin bikin ƙanwar matata, har yau ban gama yafe wa angon ba. Amma duk watan Fabrairu sai na bi su Miyazaki, inda suke sansanin atisaye kafin a shiga kakar wasa. Uwargida, in ba ki taɓa zuwa ba, ba za ki gane ba. A Fabrairu babu wanda aka ci tukuna. Mai jifan da ya kashe mu bara zai ce ya sauya salon jifa. Mai bugun da tumbinsa ke riga shi isa fili zai ce ya rage kilo. Ni kuma ina bayan shingen waya da hulata, ina gyaɗa kai, ina cewa bana kam tamu ce. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, na sani, yawanci ma tun a Mayu yake faɗowa. Amma watan nan guda ina jin kamar sarki.

Bana ma na je. Na bar Tokiko cikin kwalaye na ce mata ai bankwana zan yi. Ta ce in gaishe su.

Abin da ya tsaya min a rai a can shi ne wani tsohon mai cafewa, wanda yake tsugunawa bayan mai bugu yana karɓar ƙwallo, wanda muke yi wa laƙabi da matar mai jifa. Wata ƙungiya ta sallame shi, tamu ta ce ya zo a gwada shi, in ya yi a ɗauka, in bai yi ba ya koma gida. Ya kusa arba'in, gwiwa duk ta tafi, in ya tsuguna sai ka ji tausayi ya kama ka kafin ya miƙe. Na yi ta ɗaga murya ina ƙarfafa masa gwiwa, har na ce da na kusa da ni, dubi yadda duniya ke yi da mutum, shekara da shekaru kana aiki, rana ɗaya a ce zo mu gani ko kana da amfani. Ashe kaina nake yi wa jaje ban sani ba.

Da na dawo, 'yarmu Chinatsu ta zo taya mu kwashe falo. Aka ɗauke matasai da tebur da shimfiɗar hunturu, tabarmar tatami ta fito fili. Sai ga wani rami ya lotsa a gaban talabijin, baƙi ƙirin, daidai faɗin mazaunaina. Chinatsu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Baba ya kamata a yanke wurin nan a kai gidan tarihi. Ni ma na yi dariya. Sai ta nuna wani wurin da ya ɗan goge, can baya kusa da ƙofar kicin, ta ce wannan fa na wa? Tokiko ta ce nata ne. Na duba gefen ramina dama da hagu, tabarma sabuwa fil, kamar ba a taɓa taka ta ba.

Ni da shegen bakina sai na ce ai gara da ta zauna baya, ta huta da ganin abin takaici. Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Ta ci gaba da naɗe labule, ta ce, "Baban Chinatsu, ni ai ƙeyarka na aura. In ta yi ja, ana cinku. In kunnuwanka sun motsa, akwai ɗan wasa a tudu na biyu, ya kama hanyar cin maki. In ka sosa ta, an canza mai jifa. Shekara talatin da ɗoriya ban taɓa buƙatar jarida ba." Abin haushin, Uwargida, duk gaskiya ne. Na gwada a madubi.

Washegari da safe, tana zuba min miyar miso, ta ce ta yi tunani. Wai akwai abin nan da ake yayi yanzu, yayen aure: ba saki, ba faɗa, kowa dai ya zauna inda ransa yake so, a riƙa gaisawa. Ta ce akwai ƙananan ɗakuna na haya kusa da filin wasa, zan iya zuwa da ƙafa. Ita ta tafi Ueda. Ko kuma in biyo ta, amma ba ta yanke ba tukuna, za ta duba ni daga nan zuwa ranar tashi. Na ce gwaji ke nan? Ta ce in kira shi yadda na ga dama. Gaskiya tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba.

Nan take na ce mata na canza, bana za ta ga sabon mutum. Ta ce haka mai jifanmu yake cewa kowace shekara.

Tun daga ranar nake atisaye ba ji ba gani, kuma garin neman gira na kusa rasa ido. Na tashi da himma na ƙunshe kicin gaba ɗaya, har da tukunyar shinkafa, muka kwana uku muna cin abincin kanti. Na zuba rigunan sanyinta a kwali na manne da salatif alhali ana zuba sanyi, ban kuma rubuta komai a jikin kwalin ba. Mafi muni, na rasa abin da zan naɗe ƙwallayena masu sa hannun 'yan wasa, na ga wani dogon ƙyalle mai laushi a aljihun tebur, na yi amfani da shi. Ashe ɗamarar kimono ce, rigar gargajiyar mahaifiyarta, marigayiya. Ta warware ta a hankali, ƙwallaye suna gangarawa ɗaya bayan ɗaya. Ni ne na bi su da rarrafe.

To ga inda gizo ke saƙar. Kin san yadda Maris yake, duk ƙasar nan kowa ƙaura yake yi, motar kwasar kaya sai an yi roƙo. Rana ɗaya tak suka ba mu, ita ce kuma ranar buɗe kakar wasa. Tikitina yana aljihu. Ba wasan ne kaɗai ba. Akwai wani dattijo, Kuramochi, da muke zama kujera da kujera duk ranar buɗewa tun 'yata tana goye. Ban san gidansa ba, bai san nawa ba, amma shi yake kawo waken gishiri ni in kawo shayi, mu zagi koci tare. Bara ya rame sosai, da sanda ya hau matakala. Da muke rabuwa ya ce, "Kai mai jan wuya, in ka riga ni zuwa baɗi ka kama min wuri." In ban je ba, zai zauna kusa da kujera babu kowa, bai san dalili ba, kuma ba na jin akwai wata baɗin bayan wannan.

Na faɗa wa Tokiko. Tana goge gilashin taga, ta ce, "Je ka mana. 'Yan kwasar kaya sun san aikinsu." Ita ke nan. Na yi ta juya maganar nan a kaina. Je ka na gaskiya ne, ko je ka ɗin da in na je shi ke nan? Ban ga fuskarta ba lokacin da ta faɗa, don ina duba jadawalin wasanni a waya.

Uwargida, ba na son ɗakin kusa da fili. Na je na leƙa shi a ɓoye, yana da kyau, ana ma jin ihun 'yan kallo daga taga, amma ko zama ban yi ba na fito. Matata nake so in bi, ko da kuwa cikin tuffa ne. Amma kuma ba na son in yi wa tsoho haka. In je ko kada in je? Kuma mutum irina, anya ana ɗaukarsa?

Naki,
Mai Jan Wuya, daga cikin kwalaye

*

Mai Jan Wuya, na yi dariyar, kamar yadda ka yi tsammani. Amma a wurin tabarmar nan na daina.

Bari in fara da abin da ke gefenka. Son wasa ba laifi ba ne. Mutumin da zai bi ƙungiyar da ake ci shekara hamsin bai gudu ba, akwai amana a jikinsa, kuma ina zaton matarka ta san haka, shi ya sa har yanzu maganar gwaji ake yi, ba ta sallama ba. Alƙawarinka da Kuramochi shi ma ba wasa ba ne. Kada kowa ya ce maka shirme ne.

Amma atisayen da kake yi, ka dakata haka nan kafin ka ƙunshe matar da kanta a kwali. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba ta ce maka ba ka iya ɗaure kaya ba. Abu ɗaya ta ce, kuma ta faɗe shi a fili: ba ta ganin fuskarka. Kai kuma ka amsa da ba ta baya kana manna salatif. Ɗamarar nan ma, ka kai ta wurin masu wankin kimono da kanka, ka dawo ka ba ta haƙuri da baki, sa'an nan ka tambaye ta yaushe mahaifiyarta take ɗaura ta. Ka zauna ka ji amsar har ƙarshe.

Maganar ranar tashi kuwa, ra'ayina ka zauna gida. Mace za ta rufe ƙofar da ta yi rainon 'yarta a bayanta, ta miƙa makulli. Wannan ba aikin 'yan kwasar kaya ba ne, bai kuma kamata ta yi shi ita kaɗai ba. Sai dai in za ka zauna kana huci kana satar kallon waya, gara ka tafi, don sadaukarwar da ake yi da ɗaure fuska bashi ce, ita za ta biya.

Kuramochi kuma kada ka bar shi da kujera babu kowa. Ana wasannin gwaji a filinku cikin watan nan, mutum irinsa da wuya ya rasa ko ɗaya. Ka je wurin zamanku ka neme shi, ka tambayi masu zama kusa. In ba ka same shi ba, ka ba Chinatsu tikitin da gorar shayin, ta zauna a kujerarka ranar buɗewa, ta gaya masa inda kake da dalili, ta karɓo lambar wayarsa. Abin kunya ne a ce kun zagi koci tare tsawon shekarun nan ba ku san gidan juna ba. Daga Ueda jirgin ƙasa yana zuwa birni, kakar wasa kuma doguwa ce.

Yanzu tambayarka ta je ka. Ni ban san me take nufi ba, kuma ba ni ya kamata ka tambaya ba. Ba na kallon besbol sosai, amma kai da kanka ka tuna min cewa mai cafewa ake kira matar mai jifa. Tana tsugune, duk abin da aka jefo ta karɓa, mai kyau da maras kyau, wani ma ya same ta a ƙirji. To amma ka lura, mai jifa komai lalacewarsa ba ya sakin ƙwallo sai ya dubi matar tasa ya ga alamar da ta ba shi. Ko wannan naku da ya kashe ku bara yana yin haka. Kai ne kaɗai mai jifan da na taɓa ji ya shekara talatin yana jifa ya ba ta baya.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Ka ajiye wayar, ka zagaya gabanta, ka gaya mata abin da ka gaya min, cewa ka leƙa ɗakin ko zama ba ka yi ba ka fito, ita kake so ka bi. Sa'an nan ka tambaye ta ina take so ta zauna a sabon falon, ka ajiye matashinka inda za ku ga juna, talabijin ya nemi wuri daga baya. Ba zan yi maka alƙawarin za a ɗauke ka ba, wannan hukuncinta ne, kuma in ta ce tana son ɗan lokaci ita kaɗai, tana da wannan haƙƙin. Amma tsohon ɗan wasa ba da gudu yake samun wuri ba, da lura yake samu.

Ina yi muku fatan sauka lafiya a Ueda, ku biyu, da sabuwar tabarma da za ta lotsa wuri biyu kusa da juna. In ka juyo kuma ka ga ta tsaya tana kallonka, kada ka tsorata. Ka ba ta lokaci ta gane ka, ta daɗe ba ta ga wannan gefen ba.

Sumie