Farar Ƙafar Hinde

Tambuwal, bayan girbin gero.

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Hinde, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Alhaji Armaya'u da yara. Mu nan sai godiya. Damana ta yi kyau, gero ya shiga rumbu, wake ne dai munka raba da tsutsa. Uwargidana Hadijatu na fama da gwiwa, ni kuma ido ya fara yi mini rowa, in kin ga rubutu na hawa tudu yana gangarowa ki yi haƙuri. Na ba maƙwabcinmu Abdulganiyyu da zai zo Umra ya kawo miki hannu da hannu, domin waya ba ta jiran tsoho ya kai ƙarshen zance, kuma ta wayar ce anka yi mini ɓarnar da zan faɗa miki.

Hinde, Gunya ta bar gidan Baba. Goɗiyarmu tana Kebbe, a bargar Ɗangiwa dillalin dawaki. Kin dai san yadda Baba ya bar mana ita. Ba gado ba ce, kyauta ya yi da ransa tun zamanin kakarta: ƙafa fuɗu, mu fuɗu. Ni ɗaya, Isah ɗaya, marigayi Bube ɗaya, ke ɗaya. In goɗiya ta tsufa, ƙafafun su koma kan ɗiyarta, haka munka taho har kan wagga. Ƙafar Bube ta faɗa hannun ɗansa Gazali, kuma daga nan ruwa ya fara shiga ɗaki.

Tun da ya samu aiki a sakatariya ya samu waya mai faɗin faranti, ba shi da hira sai dawakin Larabawa. Ya zauna gabana yana nuna mini su ana zagayawa da su cikin fitilu, an shafe musu ido da mai. Ba zan yi ƙarya ba, Allah ya yi halitta. Fuska a lotse kamar an danna ta da babban yatsa tun tana ɗanya, wuya kamar na zalɓe, wutsiya a ɗage, baki ƙarami har ka ce da kofin shayi ake ba su ruwa. Sai ya juya ya dubi Gunya ya ce goshinta tudu ne irin na rago, ƙugunta a zube, ga farar ƙafa guda wadda a wurin masana aibi ce. Na ce masa irin goshin ragon nan ne, na uwar Gunya, ya ɗauko uwarsa daga Sanyinna cikin laka ranar da naƙudarsa ta tashi, mota ta ƙi shiga. Ya yi dariya ya ce Baffa kenan da tarihi.

Ashe ya gama shiri. Ɗangiwa ya samo wani ingarma daga wajen Kano, wai ubansa Balarabe ne da anka sauko da shi daga jirgi. Gazali ya ba da ƙafarsa, ya shawo kan Isah, wanda kin san ko rigar wuyansa ka roƙa da daɗin baki zai tuɓe. Ina gona anka kwance Gunya, na dawo na iske baƙo a turkenta. Gazali ya tsaya yana jero mini sunayen uban dokin da kakansa da kakan kakansa, da Larabcin da ko a makarantar allo bai yi irinsa ba. Na bari ya gama, sannan na yi masa tambayar da Baba kan yi in an kawo doki ƙofar gida. Baba bai taɓa cewa ɗan wa ba, ɗan wace yake cewa. Gazali ya duba waya, bai ga sunan uwar dokin ba. Can ya ce ai jini na uba ne, kyan ɗa ya gaji ubansa. Na ce wannan karin maganar mutane ce, ba da doki anka yi ta ba. Ke da ke zaune cikinsu, ki tambayi tsofaffin Larabawan, na ji su ma da sunan goɗiya suke kiran dangin doki. Mun ari fuskarsu mun bar hankalinsu.

Na sa wa baƙon suna Ango, don ba ya komai sai tsayuwa a dube shi. Ya ci harawa, ya ƙi dusa, in ya ɗan yi sukuwa sai numfashi kamar zugazugin maƙeri. Gazali ya ce mutane za su riƙa kawo goɗiyoyinsu baye, wato barbara, jinin ƙasar nan ya gyaru. Sun kuwa fara kawowa, har daga Dogon Daji. Abin da bai lissafa ba shi ne ɗan goɗiya na mai goɗiya ne. Kowa zai koma gida da rabonsa a ciki, mu a bar mu da shara. Gidan da ya yi zamani uku bai rasa dukushi ba, yau namiji ne ƙwal a turke, kuma ban taɓa jin ingarman da ya yi naƙuda ba.

Na hau mota na tafi Kebbe. Gunya ta ji muryata tun daga zaure ta yi haniniya, ban so Ɗangiwa ya ga idona ba. Na ce masa ƙafa biyu ya saya, goɗiya kuwa ba ta tafiya da ƙafa biyu. Ya ce uku ne, Malam Maccido. Ya ciro waya ya kunna mini muryarki da Gazali ya tura masa, kina ce wa Gazali ya yi yadda ya gani, dawakin can sun fi kyau, ke me za ki yi da ƙafar doki a Jidda. Na sa ya sake kunnawa, ko kunnena ne. Zomo ba ya fushi da makashinsa, Hinde, sai maratayinsa.

Ko kin manta wace ƙafa ce taki? Shekarar da mijinki na fari ya rasu, shanunsu sunka bi shi da ciwon huhu, dangin miji sunka maido ki suna cewa farar ƙafa gare ki. Mata sunka daina aiko miki yara kitso. A makon ne Baba ya tara mu gindin turke ya raba ƙafafu. Kowace mace a gidan Gunya da farar ƙafar dama ta gaba ake haihuwarta. Ya kama farar ƙafar kakarta ya ɗaga a gaban maƙwabta ya ce, "Wagga ta Hinde ce. Farar ƙafa a gidana ita ke fara shiga da alheri." Ranar kinka fara cin abinci. Ita ce Gazali ya kira aibi, ke kuma kinka sallama ta tsakanin gaisuwa da sai an jima.

Ga inda magana ta tsaya. Ni na ƙi sakin tawa. A al'adar dawaki haihuwa bin ƙafa take, uku na fari na Ɗangiwa, na fuɗu nawa. Gunya ta manyanta, ni na fi ta, ki lissafa da kanki wa zai ga na fuɗu. Amma Ɗangiwa ya ci tuwon Baba, ya ce in kin kira shi da bakinki kafin ya kai ta baye gabanin azumi, zai maido miki ƙafarki ya ɗauki guda a jikin Ango. In mun zama biyu da biyu, mace ta fari tamu ce, ta dawo turken Baba. Abdulganiyyu na da lambarsa. Ba zan sake roƙo ba, tsoho sau ɗaya yake durƙusawa, tashin ke da wuya.

Ki gaida Alhaji Armaya'u, da Hanifa da maigidanta, da Muhammad Awwal. Hadijatu na gaishe ki, Isah ma, ko da yake ya daina biyowa ta ƙofata. Gazali ban hana shi tuwo ba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In kin je Ɗakin Allah ki sa Baba a addu'a. Kafin in baro Kebbe na duba kofaton naki, ƙaya ta shige shi, na cire na wanke da kanwa, tun da mai shi ta yi nisa.

Wassalam. Yayanki mai ƙafa ɗaya,
Maccido.