Dalmar da Na Cusa a Cinyar Fazan

Zuwa ga ƙanena Milutin,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Slavica da yara, ya kuma sassauta muku sanyin Kanada. Mu nan mun gode Allah. An gama girbin masara, maigidana Obrad yana nan da ciwon gwiwarsa da ƙin zuwa asibiti, kamar yadda ka bar shi. Slavica ta tambaye ni a waya yadda za ta dafa fazan ɗin da ta gani a kanti. Na ce mata zan rubuto, don akwai wata maganar da nake so ta iso ka a takarda, inda ba za ka katse ni ba kamar yadda ka saba.

Ka gaya mata fazan ba kaza ba ne. Tsuntsu ne da ya ƙare rayuwarsa yana gudu a gonaki, ba kitse a jikinsa, in ta gasa shi kamar kaza katako za ku ci. Namu na daji sai an rataye shi da gashinsa kwana uku ko huɗu a ɗaki mai sanyi kafin a fige, nata na kanti ba ya bukatar haka. In ƙarami ne ta shafe shi da kitsen dinya sosai, tana gashi tana ɗebo man tana zuba masa a ƙirji. In tsohon zakara ne, romo kawai. Ta sa shi a ruwan sanyi, wuta ƙasa-ƙasa, ta kwashe kumfa da haƙuri, sannan karas, seleri, ƙwayar masoro, da albasa guda da aka ƙona fuskarta a kan murhu. Awa uku, ba juyawa, ba tafasa mai ƙarfi. Siririyar taliya a dafa ta daban, in ba haka ba romon ya gurɓace. A fara shan romo, nama ya biyo baya da dankali da miyar tumatir. Ɗanɗano kuwa ba sai na faɗa maka ba: ya fi na kaza nauyi a baki, da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe da ƙamshin ciyawa. Nata ba zai kai nan ba, kada ta zargi hannunta.

Yanzu ga maganar. Ranar Larabar makon jiya Baba ya fita da bindiga da karensa Garo, shi kaɗai, bai jira abokan farautarsa ba. Ya dawo da rana da zakaran fazan, ya rataye shi, ya ce a gayyato Lazar cin abinci ranar Lahadi. Ka san Lazar, shekara arba'in suna farauta tare kuma bakinsa bai taɓa hutawa ba. Tun farkon kaka yake yawo da labarin wai Baba ya harbi turken shinge ya ce zomo ne.

Ranar Asabar na zauna fige tsuntsun. Tun ina yarinya nake fige abin da Baba ya harbo, hannuna ya san inda dalmar harsashi ke shiga. Wannan ko ɗigon rauni babu, fata sumul. Jelar ta gutsure kamar wadda ta daɗe tana gogar waya, ciki duk kitse rawaya, ƙundu cike da abincin kaji. Na daɗe zaune da shi a cinyata. Baba, mutumin da ke cewa naman keji abincin majinyata ne, shi ne ya taka har gidan kiwon fazan na hanyar Kikinda ya sayo wannan. Haushi ya fara kama ni, daga baya tausayi ya danne shi.

Ka tuna al'adar teburinmu, duk wanda ya tauna dalma ya ajiye ta a bakin faranti, Baba ya jefa ta a ƙaramar kwalbar nan ta kan taga. Na san Lazar zai bi kowace loma yana nema, in bai samu ba kafin Litinin ƙauye ya ɗauka. Sai na ɗebo ƙwaya biyu daga kwalbar na cusa a cinyar fazan ɗin, na kuma tabbatar cinyar ta faɗa farantinsa. Bai yi loma uku ba ya dafe kunci, ya tofo ta a tafin hannu ya ce wa Baba, "Kai tsohon banza, haƙori uku suka rage min, su ma so kake ka harbe? To na janye, idonka na nan daram." Obrad ya yi dariya har da tari. Baba bai yi ba. Ya miƙa hannu aka ba shi dalmar, ya murza ta tsakanin yatsu, ya juyo wajen da nake. A lokacin na ga wautata. Ban da ni, mutum ɗaya ne a teburin ya tabbata ba a harbi tsuntsun nan ba, ni kuma da hannuna na sanar da shi cewa na gano.

Da la'asar Lazar ya tafi, ina wanke-wanke, Baba ya shigo ya ajiye makullin akwatin bindiga kusa da sabulu. Ya kira ni da sunana na gida ya ce, "Rada, ko uwarki ba ta taɓa yi min ƙarya mai daɗin wannan ba. Amma kada ki ƙara." Sannan ya ja kujera ya gaya min komai. Ranar Larabar ya ji motsi a cikin karan masara, ya ɗaga bindiga, yatsansa na kan kunama, sai abin ya yi haushi. Garo ne. Ya ce daga nan ya sauke bindiga, kuma ya kasa dawowa gida hannu rabbana, shi ya sa ya je ya sayo fazan ɗin. Ashe tun bazara ya je wajen likitan ido a gari bai gaya wa kowa ba. Tsakiyar ganinsa ce ke mutuwa, gefe-gefe kawai ya rage, kuma ba abin da tabarau ko tiyata za su yi. Ni da nake gabansa kullum, ashe da tafiyata da muryata yake gane ni, ban lura ba. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Milutin, shekara shida kana cewa baɗi, ban taɓa matsa maka ba, don na san aiki da nisa. Yau ina matsawa. Hoton yaran da ka aiko, sai ya karkata kai yake kallonsa ta gefen ido, jiya ya tambaye ni wanne ne babban. Ya ce kada in tayar maka da hankali. Amma da ya ji na ɗauko takarda, sai ya tambaya ko har yanzu kana da gemun nan, wai yana so ya san wace fuska zai riƙe a ransa. Ku zo Kirsimetin nan, kai da yaran, tun yana iya ganinku.

Ka gaishe min da Slavica da kyau, ka rungume min Nenad da Tijana. Obrad yana gaishe ku, haka Inna Persida ƙanwar mahaifiyarmu. Baba ma yana gaishe ka, shi bai san abin da na rubuta ba. Allah ya kawo ku lafiya.

Ni ce yayarka,
Radojka