Tun Da Jirgin Ya Shiga Duwatsu

Ɗana Habu,

Gaisuwa mai yawa daga Matamaye. Ina lafiyarka, ina Zulai da yara?

Maƙwabcina Malam Isufu ya nuna mini hotonka a bakin kwazazzabon nan mai zurfi, kana dariya, ka ba ramin baya. Ka ce washegari za ku hau jirgin ƙasa mai ratsa cikin duwatsu. Yau kwana tara salularka ba ta shiga. Malam ya ce, "Baba, rezo ne kawai, layin waya ba ya kaiwa can," amma ba ya kallon idona.

Ƙafafuna sun daina kai ni masallaci. Jiya na nuna masa inda na ajiye likkafanina.

Ka gaida Zulai, ku sa ni a addu'a. In jirgin ya fito, ka kira.

Mahaifinka