Yayana Ya'u Ba Kuturu Ba Ne

Zuwa ga Babban Jami'in Lafiya mai kula da ƙasar Gumel.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni malamin firamare ne a Sule Tankarkar. Na rubuto ne a kan yayana Ya'u, mahauci, wanda muka binne makonni uku da suka wuce.

Na farko. A daminar shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, zazzaɓi ya kama shi, ɗigo-ɗigo suka fito masa a ƙwauri suka zama gyambo, ƙafafunsa suka riƙa mutuwa. Na kai shi wani ɗakin shan magani. Malamin asibitin bai ko taɓa shi ba. Daga bakin ƙofa ya leƙo ya ce kuturta ce, a gaban mutane, ya sa sunansa a littafin kutare.

Na biyu. Kafin kasuwar Maigatari ta sake ci, maganar ta bazu. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana yanka, ranar ko tsinke ɗaya ba a saya ba. Aka ware masa ƙwarya a gida. A masallaci shi da kansa ya koma sahun baya. Wata goma sha huɗu yana shan maganin cutar da ba ta jikinsa.

Na uku. Da yatsunsa biyu suka yi baƙi, na ɗora shi a mota zuwa Kano. Likita ya yanki fata kaɗan aka auna, ya ce ba kuturta ba ce, jijiyoyin jini ne suka kumbura, cutar ba ta yaɗuwa, kuma da an zo da wuri akwai magani. Amma ta riga ta taɓa ƙoda. A hanyar dawowa Ya'u ya ce mini, "Ƙanena, ka gaya wa mutane, ko bayan raina ne."

Na gaya musu, ba su yarda ba. Har yau ba a sayen furar matarsa Hajara.

Ranka ya daɗe, ajali na Allah ne, ban zo neman a kori kowa ba. Roƙona a soke sunan Ya'u daga littafin nan, a ba ni takarda mai hatimi in kai wa sarkin fawa da liman su karanta wa jama'a. Kuma a hana ma'aikatanku kiran ciwo da suna tun ba a auna ba.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare iyalinka daga irin abin da muka gani.

Wassalam.

Naka,
Malam Sule Na'iya