Zoben da Ya Cinye Idon Bukar

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Gwajin Jinin Dabbobi, Maiduguri.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni ne Modu Aji na Abbaganaram, mai kawo muku jini daga Kasuwar Shanu, wan Bukar, ma'aikacinku da wutar gas ta ƙone a ɗakinku. Na rubuto a fili ne domin a ofis an ƙi saurarena.

Na ɗaya. Bututun da ke kai gas daga tulu zuwa murhun gwaji, wani ɗan zoben tagulla ne ke toshe mahaɗarsa, kuma kowane bututu da girman zobensa. Mista Okoro mai kantin ƙarafa ya gaya wa akawunka a gabana cewa masu daidai suna hanya daga Jos. Aka ƙi jira.

Na biyu. Kuka kira mai gyaran famfo. Ya sa zoben da ya yi wa bututun yawa, ya cike da zaren buhu, kamar yadda yake yi wa famfon da shanu ke sha. Ranka ya daɗe, gas ba ruwa ba ne. Da zai gwada ko yana yoyo, bai nemi kumfar sabulu ba, sai ya ce Bukar ya ƙyasta ashana ya kara ta a mahaɗar.

Ina bakin ƙofa. Taga ta tarwatse, kwalabe suka fashe wa Bukar a fuska. Ya fito rigarsa na ci, yana kiran sunana. Da na riƙe shi, fatar hannunsa ta biyo tafina. Idonsa na dama ya tsiyaye.

Na uku, kuma shi ya fi ƙona mini rai: kun sallame shi daga aiki, wai taba yake sha kusa da tulun gas. Bukar! Wanda ko goro ba ya ci? Wannan ƙarya ce, kuma akawunka ya sani. Wallahi da ba a riƙe ni ba ranar da na ji, da wani ma ya kwana a asibiti.

Ina roƙon ka kira mai famfon da Mista Okoro ka tambaye su gaban jama'a, ka wanke ƙanina, ka mai da shi bakin aikinsa. Allah ya ƙara maka girma, ya tsare idanun 'ya'yanka.

Jiya Bukar ya tambaye ni ko mutane sun yarda taba ce. Ban ba shi amsa ba, taka nake jira.

Wassalam.
Modu Aji