A Ba Ni Filas Ɗin Malam Habu Kafin Ruwa Ya Sauka

Zuwa ga Alhaji, sabon shugaban cibiyar koyon kwamfuta ta garinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan an wuni lafiya, ni ne Nasiru, mai zama a kan tsohuwar kwamfutar bakin taga. Ban yi jami'a ba. Python, yaren rubuta manhaja, da kaina na koya, sai abin da marigayi Malam Habu, wanda ka gada, ya nuna mini.

Na ɗaya. A garin nan sabis sai ka hau tudu. Shi ya sa duk shigar Malam Habu Kano yakan sauko da ƙananan manhajojin da ake ɗora wa Python, ya zubo mana a filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta. Kowane aiki yakan ware masa wurinsa a cikin kwamfuta, rumbu yake kiransa, ba a gauraya na wannan da na wancan. Lambar samfurin kowace manhaja tana rubuce a takarda manne a bango. Ka ɗora ba ka rubuta ba, ranar ba ka shan kunun da iyalinsa ke aikowa. Muna ta dariya, amma aiki bai taɓa tsaya mana ba. Allah ya jiƙansa.

Na biyu. Litinin da ta wuce ka kawo injiniya daga birni. Ya goge rumbunan kaf, ya sabunta komai lokaci guda, ya ɓamɓare takardar, ya sa lambar sirri don kada mu ɗora komai. Wai gyara! Ko mutum ɗaya bai tambaya ba.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Manhajar da na rubuta ta awon gona, mai zana taswira daga iyakokin da waya ta ɗauka, yanzu ba ta tashi, don sababbin manhajojin da ya ɗora ba sa jituwa da juna. Ga gonar marigayi kawuna ana jira a raba wa 'ya'yansa kafin shuka. Alhaji, ka san gonakinmu, taku biyu a kan iyaka sun isa raba zumunci. Awona kaɗai dukkansu suka amince da shi.

Roƙona: filas ɗin yana aljihun teburinka, a ba ni. A buɗe mini kwamfutar wuni ɗaya, sauran aikin nawa ne. In ba haka ba igiya magadan za su ɗauko su auna da kansu, kuma biyu daga cikinsu tun yanzu ba sa gaisawa.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam, naka Nasiru.