Rami Na Biyu a Gaban Darla

Baba,

Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Ya gwiwar taka? Ka gaida Mama da su Nachito, ka ce mata barkonon da ta aiko ya iso.

Ni lafiyata ƙalau. Aikin mayanka na tafiya, kuma har yanzu ina alƙalancin wasan sofbol na 'yan matan sakandare, wanda ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda. Wata 'yar matsala ce dai ta taso. Ran Talata mai jefa wa ƙungiyar garin nan ƙwallo, Darla, ta riƙa ɗaga ƙafarta ta baya tana sake kafa ta kafin ta saki ƙwallon. Kai ka koya mini duban ƙasa: mai jifa bisa ƙa'ida layi ƙafarta ke ja a ƙasa, ita kuwa rami na biyu ta haƙa inda ta sake kafa ƙafar. Na miƙa hannun hagu na ce jifan ya saɓa doka. A kan wannan aka cinye su.

Mahaifinta, Mista Pruitt, shi ne shugaban sashenmu a mayanka. Bai yi faɗa ba. Washegari ya zo ya tsaya a bayana ina yankan nama, ya ce, "Araceli, idon nan naki da kaifi yake. Takardunki ma an duba su haka?"

Takarduna na zaman ƙasar nan tsaf suke, Baba, kada ka gaya wa Mama.

Asabar an sake ba ni wasansu. Ka kunna mini kyandir a coci. Na san yarinyar za ta sake yi, kuma hannun nan da ka horar ba ya shawara da ni kafin ya miƙe.

'Yarka,
Araceli